Ɗalibi Ya Ja Baki, Malam Ya Fassara

Akwai wata irin Hausa da ba a ciniki da ita a kasuwar Dambatta, ba a zance da budurwa da ita, ba a kuma yi wa yaro faɗa da ita. Ita ce wadda za ka ji an ce "bai gushe ba yana mai tafiya", ko "abin sani kawai", ko "ma'abucin dukiya". 'Yan boko kan kwaikwaye ta don raha, 'yan wasan kwaikwayo kuwa da zarar sun naɗa rawani sun riƙe carbi ita suke fara yi. A ganina, cikin duk abin da Bahaushe ya ƙera da harshensa da wuya a sami kayan aiki mai kaifinta. Da ita malaman zaure suka shafe ɗaruruwan shekaru suna kwaso ilimin Ƙairawan da Misira da Fas, suna zuba shi a kunnen manomin da iyakar tafiyarsa birnin Kano.

Mai son jin ta a inda take da ranta, ya bi hanyar Katsina ko ta Daura bayan an gama kaka. Ƙasar arewacin Kano, tun daga Ungogo da Dawakin Tofa har Bichi da Makoɗa da Kunci da Dambatta, cike take maƙil. Gona na jikin gona, ba saura ba daji, kafin ka bar wannan unguwa ka hango rumbunan waccan a gindin gawo da kuka. Da damina kowa na bakin aikinsa, malam ma da garmarsa, karatu ya koma ɗan abin da aka samu da dare. Da an kai dami gida sai zaure ya cika. Masu zuwa kuma ba yara ba ne. Yaro yana makarantar allo. Nan magidanta ne: tela, mai facin babur, ɗan kasuwar hatsi, limamin wata unguwa da ya yi sammako a kan keke. Kowa da littafinsa, kowa da inda ya tsaya jiya.

Malam na zaune a kan buzu, sau da yawa ma ba littafi a hannunsa. Mai Ahalari ya matso a biya masa, ya ja gefe. Mai Risala ya matso. Bayansa mai Ishiriniya, bayansa mai Ajuruma. Kafin hantsi ya dubi ludayi malam ya ratsa fiƙihu da lugga da nahawu, bai san da wanda zai fara ba ballantana ya yi shiri. Sauran ɗalibai kuma ba tashi suke yi ba, suna zaune suna sauraron karatun junansu, na ƙasa na tsintar na gaba, na gaba na bitar abin da ya wuce.

Ga yadda ake yi. Ɗalibi ya gyara zama ya ja baki, wato ya karanta kalma ɗaya ko biyu na Larabci ya tsaya. Malam ya ba shi Hausarsu. Ɗalibi ya ce "na'am", ya ƙara ja. Mu ɗauki jimlar da ba ta cikin kowane littafi. Ɗalibi ya ce "ishtara", malam ya ce "ya saya". Ya ce "alfallahu", malam ya ce "shi manomi". Ya ce "himaran", malam ya ce "jaki". Bahaushe a kasuwa cewa zai yi manomi ya sayi jaki, a wuce wurin. Malam ya san haka sarai. Yana bin sahun Larabcin ne da gangan, don ɗalibi ya san kowace kalmar Hausa a kan wace kalmar Larabci take zaune. Wannan "shi" da ya liƙa wa manomi kuma aiki take yi: ita ke nuna wanda ya yi sayen.

Kunnen malam kuwa yana kan wasalin ƙarshen kowace kalma, domin a Larabci can ake gane mai aikatawa da wanda aka aikata wa. Ɗalibi ya kuskure ya ce "alfallaha himarun", sai ka ji malam, ko kai bai ɗaga ba: "Malam, sake dai. Ka ba manomi fataha ka ba jaki rufu'a. Yanzu jakin ne ya sayi mai shi." A yi dariya, ɗalibi ya ce, "Allah ya gafarta Malam," ya gyara. Ba zai ƙara manta bambancin fa'ili da mafa'uli ba, alhali bai riga ya buɗe littafin nahawu ko ɗaya ba.

Sanin inda ake tsayawa shi ma fanni ne. Sabon ɗalibi yakan yanke magana inda numfashinsa ya ƙare, ya raba kalmomin da ba su rabuwa. Malam kan sa shi ya koma ya haɗa, kamar yadda mahauci ke laluben gaɓa kafin ya sa wuƙa. Ɗalibin da ya iya tsayawa inda ya dace, rabin fassarar ya riga ya gane kafin a gaya masa.

Sa'an nan kowane ƙaramin harafi na Larabci yana da abokinsa na Hausa da ba ya canzawa daga zaure zuwa zaure. "Inna" lalle ce, "ƙad" haƙiƙa, "illa" face, "summa" sa'an nan, "innama" abin sani kawai. "Ma zala" ita ce bai gushe ba, "asbaha" ya wayi gari. Duk inda ka ji "yana mai" kaza, to kalmar tana bayanin halin da ake ciki ne lokacin aikin. Wadda ta fi burge ni ita ce "tabbatacce". Ɗalibi ya ja "alhimaru lil fallahi", a kan takarda jaki ne da manomi da harafin mallaka, ba wani abu. Malam ya ce, "shi jaki tabbatacce ne ga manomi." Ina ya samo tabbatacce? Malaman nahawu sun ce a irin wannan jimla akwai ɓoyayyiyar kalma wadda harafin yake rataye da ita. Malamin zaure ya tono ta ya ajiye a fili. Abin da mai wucewa ke jin kamar nauyin baki, ƙa'idar nahawu ce guda aka dunƙule cikin kalma ɗaya.

Inda ake gane gwani na sosai shi ne wajen lamiri. Larabci na son cewa "shi" da "ita" ya bar mai karatu da neman wanda ake nufi, ga shi kuma jinsin kalmomi ba ya tafiya daidai a harsunan biyu: hannu da ido da gida maza ne a Hausa, takwarorinsu na Larabci, yadu da ainu da daru, mata ne. Saboda haka malam ba ya barin lamiri ya wuce sai ya kama sunan mai shi: "ya wanke shi, shi hannun." A Ahalari wannan da sauƙi. A Muhtasar na Shehu Halilu, malamin Misira na ƙarni na 14, nan ake yin ta. Littafin a matse yake ƙwarai, hukunci guda kan zo cikin kalma biyu, lamiri kan koma ga abin da aka ambata layuka da dama a baya. Mai littafin ma ya ware wani lamiri na mace wanda in ya zo haka kawai ba tare da mai shi ba, to Mudawwana yake nufi, babban kundin mazhabar Malikiyya. Wanda ya zauna da Muhtasar da ƙamus shi kaɗai zai san ma'anar kowace kalma, ya tashi bai san abin da aka ce ba.

Wannan duk hawa na farko ne. Idan sakin layi ya ƙare malam kan gyara murya ya ce "wato", daga nan sai Hausar ta sauya, ta koma irin ta bakin rijiya. A nan ne littafin da aka rubuta a Tunisiya yake sauka a gonar Makoɗa. Ɗauki babin zakkar hatsi a Risala ta Ibn Abi Zaid, wanda ya rasu a 996. Nisabi wusuƙi 5 ne, kowane wusuƙi sa'i 60, kowane sa'i mudun Annabi 4, jimla mudu 1,200 ke nan. Manomi ba ya awo da wusuƙi. Dami ya sani, da kwano, da buhu. Aikin malam ne ya san abin da damin garinsu ke bayarwa in an sussuke, ya kuma nuna cewa in an kai nisabi, abin da ruwan sama ya shayar ɗaya cikin goma ake fitarwa, na rani da aka ba ruwa da inji a bakin madatsar Tomas ko ta Watari kuwa rabin haka.

Sai wani ya ce, "Allah ya gafarta Malam, gerona bai kai ba, dawata ma ba ta kai ba, amma in na haɗa su sun wuce." Malam ya ce, "A'a, Alhaji, gero jinsinsa daban, dawa jinsinta daban, shinkafa ma haka. Ba a cika wannan da wancan. Wakenka ne yake da 'yan'uwan da ake haɗa shi da su." Wani daga baya ya jefo tambayar gyaɗa. To, gyaɗa da masara daga nahiyar Amurka suka fito, lokacin da aka rubuta Risala ba wanda ya san su a wannan ɓangare na duniya. A nan malamin kirki yakan faɗi abin da ya ji daga malamansa da dalilin da suka kafa, ya raba shi da abin da ke cikin nassin littafi. Haka yake yi a babin ruwa. Ruwan kududdufin da jar ƙasa ta rina, ko gansakuka ta canza masa ɗanɗano, ana alwala da shi, don abin da ya canza shi mazauninsa ne. Ruwan da aka wanke surfe kuwa tsarkakakke ne, a ba awaki su sha, amma ba a alwala da shi. Matar gida ma in aka kai mata wannan bayani ta gane.

Ba a samun wannan gwaninta a shekara biyu. Hawa-hawa ake yi: Ƙawa'idi, Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Risala, Askari, kafin a doshi Muhtasar. A gefe guda ana tara kalmomi daga littattafan lugga, Ishiriniya ta Alfazazi da waƙoƙin Shu'ara da Maƙamatu hamsin na Hariri, waɗanda aka cusa wa baƙin kalmomi har Balarabe ma sai da sharhi. Kowace irin wannan kalma tana da Hausar da aka gada, shi ya sa ake jin tsoffin kalmomi a zaure waɗanda suka daɗe da barin kasuwa. Mai neman zurfi kuwa sai ya yi ci-rani. An san unguwar Madabo a birnin Kano da karatun Muhtasar, an san Zariya da nahawu da lugga. Mutum ya yi noma da damina, ya saɓa gafaka da rani, shekara da shekaru. Tsoffin littattafan hannu ma da wannan tsari aka rubuta su: ana barin tazara mai faɗi tsakanin layi da layi, don ɗalibi ya ɗiga Hausar kalmar da ta ba shi wuya da ajami a ƙarƙashinta.

Buƙatar ta tsufa. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna a zamanin Sarki Yakubu, 1452 zuwa 1463, Fulani suka zo daga Mali da littattafan tauhidi da lugga. A zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, Shehu Maghili ya sauka ya rubuta wa sarki littafi kan abin da ya wajaba ga masu mulki. A zamanin Muhammadu Kisoki aka kawo Ashafa da Mudawwana. Duk da Larabci, jama'ar gari kuwa Hausa suke ji. Tun ranar da aka kwance kayan raƙumin farko dole wani ya zauna tsakanin littafi da mutane.

Turawan Ingila sun taɓa shiga wannan hali, sarkinsu kuma ya ɗauki abin da zafi. Alfared ya mulki Weseks, a kudancin Ingila, daga 871 zuwa 899. Ilimin addininsu da na duniya duk da Latin yake, ga mahara daga Denmak sun ƙone gidajen ibada da littattafansu. Bayan ya ci su da yaƙi a 878, sai ya juya ga karatu. Ya koka cewa lokacin da ya hau mulki malaman cocin da za su iya mayar da wasiƙar Latin zuwa harshen gida ba su taka kara sun karya ba, a kudancin kogin Tems ma bai tuna ko ɗaya ba. Ya aika aka ɗauko masa malamai daga nesa, Aser daga Wels, Girimbal daga ƙasar Faransa, Yahaya daga Saksoni ta Jamus. Shi kansa yana dab da shekara arba'in ya fara karanta Latin. A gabatarwar fassarar littafin Fafaroma Giregori kan tarbiyyar shugabannin addini, ya bayyana cewa malaman nan ne suka fara warware masa littafin, sa'an nan ya juya shi zuwa Ingilishin lokacin, wani wuri yana bin kalma, wani wuri yana bin ma'ana. Duk wanda ya taɓa zama a zaure zai gane wannan: sarki ne a gaban malamai ana biya masa, kuma hawa biyun nan ne, na "shi manomi" da na "wato". Ya sa aka kwafi littafin aka aika wa bishop-bishop na ƙasarsa. Ya kuma nemi 'ya'yan 'yantattu masu hali su fara iya karanta harshensu, mai son ci gaba ya ɗora da Latin. A ƙarni na 10 wani malamin coci mai suna Aldared ya bi Linjilar Lindisfan layi-layi yana rubuta Ingilishi tsakanin layukan Latin, aikin da ɗalibin Bichi zai kalla ya ce ai namu ne.

Hanyoyin sun rabu a wuri ɗaya. Alfared ya sa fassara a kan fata ta zama littafi mai zaman kansa, wanda ya karanta ta ba lalle ne ya koma ga Latin ba. Zaure ya bar Larabci a kan takarda, ya riƙe Hausa a baki. Wannan ya fi jinkiri, ba shakka. Amma ɗalibin da ya jure, a ƙarshe Larabcin ne ke zama nasa, har ya buɗe littafin da ba a taɓa biya masa ba.

Waɗanda suka yi irin yunƙurin Alfared daga gadon mulki a ƙasar nan su ne gidan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Shehu da Hausa da Fulatanci yake wa'azi, a Nurul Albab kuma ya caccaki malaman da ke koyar da ɗalibai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Ƙanensa Abdullahi ya sauka Kano wajen 1807, ya karantar da tafsiri, ya rubuta wa mutanen gari Liya'ul Hukkam. Sai dai sun lura da gurbin da zaure bai cike ba: matan karkara ba za su zo su jera a gaban malam ba. Maganin da suka samo shi ne waƙa. Nana Asma'u, 1793 zuwa 1864, ta mayar da waƙar mahaifinta Shehu ta Fulatanci zuwa Hausa, wadda aka sani da Tabbat Haƙiƙa, a wajen 1831. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta Kitabun Nasiha da Larabci kan salihan mata, yana ɗebowa daga aikin Ibn Jauzi na Bagadaza, Asma'u ta ƙulla shi waƙa da Fulatanci da Hausa a wajen 1837, ta ƙara da matan ƙasar nan da ta sani. Sai ta naɗa jajis, dattawan mata da ake ba malafa da jan rawani, su haddace waƙoƙin a wurinta su kai wa matan ƙauyuka da ake kira 'yan taru. Ƙanenta Isa ya ci gaba da mayar da waƙoƙinta Hausa. Ƙanwarta Maryam, wadda ta auri Sarkin Kano Ibrahim Dabo, ta riƙe harkar bayan rasuwar Asma'u. Fassarar waƙa kuwa wata wahalar ce daban, domin ban da ma'ana sai ka tsare kari da amsa-amo, kalma ɗaya ta goce baitin ya karye a bakin mai rerawa.

A ƙarni na 20 abin ya hau takarda da iska. Masu sayar da littattafai a kasuwar Kurmi suka riƙa buga Ahalari da Ishmawi da fassarar ajami a ƙarƙashin kowane layi. Shehu Abubakar Gumi ya fitar da tarjamar ma'anonin Alƙur'ani da boko a 1979, Shehu Nasiru Kabara, wanda ya daɗe yana tafsiri a fadar Kano, ya fitar da tasa mai suna Ihsanul Mannan. Tafsirin azumi da ake ji a rediyo ma tsarin zaure ne aka sa wa lasifika: alaramma ya ja baki, malam ya fassara, sa'an nan ya yi sharhi.

Masu suka suna da abin faɗa. Sukan ce mutum ya sauke Muhtasar amma in ya je Jidda ba zai iya cinikin burodi da Larabci ba, kuma gaskiya ne. Sai dai ba don cinikin burodi aka gina tsarin ba, don karanta littafi aka gina shi, a nan kuwa ya biya. Aibin da ya fi damuna shi ne mai haddace fassarar kamar aku, ya riƙa zuba "lalle haƙiƙa" bai san wace kalma ta haifi wace ba. Irinsa a littafin da aka biya masa kaɗai yake malami. Malaman karkara sun san wannan, shi ya sa ba sa gaggawar sallamar ɗalibi. In malam ya ga wani ya fara nuna, sai wata rana mai Ahalari ya matso, malam ya nuna masa gefe ya ce, "Je wajen yayanka ya biya maka." Shi kuma ya ci gaba da mai Risala, kunne ɗaya na nan ɗaya na can. Da sabon mai fassarar ya mayar da lamiri inda ba gidansa ba, zai ji an yi gyaran murya daga kan buzu. In aka yi rani guda bai ji gyaran muryar ba, sai a ƙara masa masu Iziyya.